Rikicin Hurumi A Kotunan Ɗaukaka Ƙara Na Jihohi Da Asarar Da Yake Jawo Wa 'Yan Kasuwa

Babu wani ciniki mai yawa da ke tafiya a ƙasar nan ba tare da bashi ba. Mai albasa a Aliero yakan ɗora buhuna a mota zuwa kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuɗinsa ba ya shiga hannunsa sai dillali ya sayar. Haka mai shanu a Potiskum yake yi, haka kuma mai atamfa a Kantin Kwari yake ba ƙananan 'yan kasuwa kaya su biya bayan sallah. Amana ce ke riƙe da wannan hulɗa duka, amma ita amanar tana da madogara, wato sanin da kowa ya yi cewa ranar da aka ci ta akwai alƙali, kuma hukuncinsa zai tabbata cikin lokacin da zai yi wa mai gaskiya amfani. Wannan madogara ce muke ganin ta yi rauni a Nijeriya. Ɗaya daga cikin manyan dalilan rauninta kuwa shi ne rashin tabbas game da kotun da ya kamata ta saurari afil a matakin jiha, abin da lauyoyi suke kira rikicin hurumi.

Domin mai karatu ya fahimci inda gizo ke saƙa, ya kamata a fara da yadda tsarin yake. Tsarin mulkin 1999 ya tanadi kotuna iri uku da za su iya sauraren ɗaukaka ƙara a jiha. Ta farko ita ce Babbar Kotun Jiha, wadda sashe na 272 ya ba ta hurumi mai faɗi a kan shari'o'in haƙƙi da na laifi, har da duba hukuncin ƙananan kotuna irin su na majistare. Ta biyu ita ce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, wadda sashe na 275 ya ce kowace jiha mai buƙata tana iya kafa ta, Alƙalin Alƙalai ke shugabantarta. Ta uku ita ce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Al'ada, wadda sashe na 280 ya yi wa irin wannan tanadi. Akwai jihohin da suke da dukkan ukun, kamar Kaduna da Filato, haka ma Babban Birnin Tarayya Abuja. Daga waɗannan kotuna ne ake zarcewa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, daga can kuma sai Kotun Ƙoli.

A bisa takarda abin ya yi kama da rabon aiki mai kyau, amma da zarar an karanta sashe na 277 sai a ga inda bangon ya tsage. Wannan sashe ya jera abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a za ta iya yanke hukunci a kansu: aure da saki da dangantakar iyali, riƙon yaro, wakafi, kyauta, wasiyya, gado, da kula da maraya ko almubazzari ko mai taɓin hankali. Ya kuma ƙara da duk wata tambaya da masu shari'a, dukkansu Musulmi, suka nemi kotun farko ta warware bisa dokar Musulunci ta zaman iyali. Babu bashi a cikin jerin, babu saye da sayarwa, babu haya, babu jingina, babu haɗa jari, babu kuma jayayya a kan mallakar fili ko gona. Alhali kuwa waɗannan su ne abubuwan da alƙalan kotunan yanki da kotunan shari'a suke yanke hukunci a kansu kowace safiya bisa mazhabar Malikiyya. Wato an yarda alƙalin ƙasa ya yi hukunci da fiƙihu a kan ciniki, amma ba a yarda alƙalan sama, waɗanda suka fi shi sanin fiƙihun, su duba ko ya yi daidai ba.

Bari mu kawo misali don a ga yadda abin ke kasancewa. A ɗauka wani ɗan kasuwa ya ba abokin cinikinsa buhunan wake bashi, abokin ya ƙi biya, ya kai shi kotun shari'a ta garinsu, aka kawo shaidu, aka ba shi gaskiya. Wanda aka kayar ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun shari'a, can ma ya faɗi. Daga nan sai ya nufi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda kowa zai ɗauka ita ce gaba, tun da shari'ar da fiƙihu aka fara ta. Alƙalai suka zauna, suka tabbatar da hukuncin. Mutumin ya zarce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, lauyansa ya miƙe bai taɓa maganar wake ba, bai musanta bashin ba, sai kawai ya ce kotun da ta gabata ba ta da hurumin sauraren maganar bashi. Bisa yadda kotuna suka fassara tsarin mulki, lauyan nan yana da gaskiya. Za a rushe hukuncin alƙalan, a mayar da afil ɗin Babbar Kotun Jiha a sake shi tun daga farko. Duk shekarun da aka ɓata da kuɗin da aka kashe tsakanin kotunan biyu sun tafi a banza, mai wake kuwa har yanzu bai ga ko kwabo ba.

Abin da ya ba wannan dabara ƙarfi shi ne wata ƙa'ida da Kotun Ƙoli ta kafa tun 1962 a shari'ar Madukolu da Nkemdilim, cewa duk shari'ar da kotu ta yi ba tare da hurumi ba rusasshiya ce, kome kyawun yadda aka gudanar da ita. Kotuna sun kuma yarda cewa ana iya tayar da maganar hurumi a kowane mataki, ko da a Kotun Ƙoli ne aka fara ambatonta. Ƙa'idar a kan kanta mai kyau ce, domin ita ke hana kowace kotu tsoma baki a abin da ba nata ba. Amma idan iyakar hurumin ba ta fito fili ba, sai ƙa'idar ta zama makami a hannun mai son ja da lokaci. A shekarar 2000, a shari'ar Magaji da Matari, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ba ta da hurumi a kan jayayyar mallakar ƙasa da ba ta shafi abubuwan da tsarin mulki ya jera ba. Sai dai a aikace iyakar siririya ce ƙwarai. Idan magada suna jayayya a kan rabon gonar mahaifinsu, maganar gado ce, hurumin alƙalai ne. Idan kuwa wani daga waje ya ce ai marigayin ya sayar masa da gonar tun yana da rai, magana ta koma ta mallaka, sai Babbar Kotu. Gona ɗaya ce, mutanen su ne dai, amma hanyar afil ta rabu biyu, kuma manomin da bai ɗauki lauya ba ba shi da yadda zai gane wannan bambanci.

Magabata ba su jahilci wannan haɗari ba. Lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a 1960, kotun da Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya zama Alƙalin Alƙalanta a 1962, ta haɗa ta da tanade-tanade biyu. Na farko, an kafa wata kotu ta musamman don warware saɓanin hurumi tsakaninta da Babbar Kotu, wadda ta ƙunshi Babban Joji da Alƙalin Alƙalai da alƙali ɗaya daga kowane ɓangare. Na biyu, an tsara cewa idan Babbar Kotu za ta saurari afil daga kotunan alƙalai, to wani alƙali daga Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a zai zauna tare da jojoji. Ta haka ko da maganar ciniki ta tafi Babbar Kotu, akwai masanin fiƙihu a kan teburin. Bayan tsarin mulkin 1979 ya fara aiki, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya ta yanke cewa wannan zama na haɗin gwiwa bai dace da shi ba. Aka cire alƙalin daga teburin, ba a kuma maye gurbinsa da wani tanadi ba.

Daga nan sai aka shiga gyare-gyaren da ba su kai ga tushen matsalar ba. Kowa ya san irin zafin da muhawarar kotun shari'a ta tarayya ta yi a Majalisar Tsara Tsarin Mulki a 1978, har wakilai Musulmi suka fice daga zauren na wani lokaci. Sulhun da aka cimma shi ne a sa masana shari'ar Musulunci aƙalla uku a cikin alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, tanadin da yake nan har yau a sashe na 237. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fitar da dokar soja mai lamba 26, wadda ta goge kalmar da ta taƙaita hurumin kotun ga dokar zaman iyali, da niyyar faɗaɗa shi. Amma da yake jerin abubuwan nan da ke ƙarƙashin sashen yana nan ba a taɓa shi ba, kotuna suka ci gaba da fassara hurumin a taƙaice kamar dā. Tsarin mulkin 1999 kuma ya zo ya mayar da kalmar wurinta. Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne goge kalma ɗaya ba ya gyara sashen da aka gina shi duka a kan taƙaitawa.

Al'amarin ya ƙara rikicewa daga shekarar 2000, lokacin da Jihar Zamfara ta fara aiki da dokar laifuffuka ta shari'ar Musulunci, sauran jihohin Arewa 11 suka bi sahu. Yawancin jihohin sun yi dokokin da suka tura afil na kowace irin shari'a, har da ta laifi, zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, suna dogaro da jimlar farko ta sashe na 277 da ta ambaci ƙarin hurumin da dokar jiha za ta iya bayarwa. A ƙarƙashin wannan tsari ne kotun ta Jihar Sakkwato ta wanke Safiya Hussaini a watan Maris na 2002, ta Jihar Katsina kuma ta wanke Amina Lawal a watan Satumba na 2003, bayan ƙananan kotuna sun yanke musu hukuncin kisa. A dukkan shari'o'in biyu alƙalan sun yi amfani da ƙa'idojin fiƙihun Malikiyya ne wajen nuna kurakuran kotunan ƙasa, abin da ya nuna amfanin samun masana a matakin afil. Duk da haka, a 2007, a shari'ar Kanawa da Maikaset, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya ta yanke cewa dokar jiha ba za ta iya faɗaɗa hurumin kotun fiye da abin da tsarin mulki ya shata ba. Daɗin daɗawa, sashe na 244, wanda ya buɗe hanyar zarcewa daga wannan kotu zuwa ta tarayya, maganar shari'o'in haƙƙi da suka shafi dokar zaman iyali ya ambata. Don haka wanda aka samu da laifin zamba ko cin amana a harkar ciniki, da wanda aka zambata, dukkansu suna iya samun kansu a kan hanyar afil da ake jayayya a kan halaccinta.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa wannan matsala ta Musulmi ce ko ta Arewa kaɗai. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Al'ada, wadda ke aiki a jihohi irin su Imo da Abiya da Binuwai da Filato, ita ma sashe na 282 ya taƙaita ta ga shari'o'in haƙƙi da suka shafi dokar al'ada. Sashe na 245 kuma ya ce daga can ana zarcewa kotun tarayya ne a kan tambayar da ta shafi dokar al'ada. Tun a 1990, a shari'ar Golok da Diyalpwan da ta taso daga Jihar Filato, Kotun Ƙoli ta fassara irin wannan tanadi na tsarin mulkin 1979 da cewa ƙorafin da ya tsaya a kan yadda aka auna shaidu kawai bai isa ya buɗe wannan hanya ba. To, mafi yawan rigingimun filaye a kan shaidu ake kayar da mutum. Bahaushen da ya karɓi hayar filin kara ko na rumfuna daga hannun wata al'umma a Kudu bisa al'adarsu, da ɗan asalin wurin da ya ba shi, dukkansu wannan doka ta shafe su. A ɓangare ɗaya ke nan ana mayar da mutum baya bayan ya yi tafiya mai nisa, a ɗaya ɓangaren kuma ana rufe masa ƙofa tun bai yi nisa ba.

Yanzu sai mu zo ga lissafi, wanda shi ne ya fi shafar masu karanta wannan shafi. Kotu takan ba mutum adadin kuɗin da ya nema ne a naira, ita kuwa naira ba ta jiran alƙali. A 1995 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 70 cikin 100, a watan Disamba na 2024 kuma ta kai kashi 34.8 cikin 100. A watan Mayu na 2023 ana canjin dala ɗaya a kan kimanin naira 460 a farashin hukuma, amma a cikin 2024 ta wuce naira 1,500. Ke nan ɗan kasuwar da yake bin bashin naira miliyan 10 a farkon 2023, kuɗin da ya kai kimanin dala 21,700, idan sai a 2024 aka biya shi, abin da ya karɓa bai kai dala 6,700 ba. Wannan asarar shekara ɗaya ce da 'yan watanni, balle a ce an mayar da shari'a baya bayan shekara biyar ko goma. Ba kuma sabon abu ba ne shari'a ta yi irin wannan daɗewa a ƙasar nan. Shari'ar Ariori da Elemo, ta wani fili a Legas, an shigar da ita a 1960, a 1983 kuma Kotun Ƙoli ta ba da umurnin a sake ta daga farko saboda jinkirin da ya ɓata shari'ar farko. Duk wanda ake binsa bashi ya san wannan lissafi, shi ya sa ɗaukaka ƙara ta zama wa wasu hanyar ci gaba da juya kuɗin mutane ba tare da biyan kome ba.

Illar ba ta tsaya ga masu shari'ar su biyu ba. Ɗan kasuwar da ya ga abin da ya sami maƙwabcinsa sai ya daina bayar da kaya bashi sai ga ɗan'uwa ko ɗan garinsu, yaron da ba shi da kowa a kasuwa kuma ya rasa mai ɗora shi a kan hanya. Wanda ya yarda ya bayar sai ya ƙara farashi don rufe asarar da yake tsoro, mai saye na ƙarshe ya biya. Banki kuma ba ya karɓar jinginar filin da ake shari'a a kansa, don haka gona ko shago yana iya shafe shekaru ba a iya neman rance da shi. Mafi muni, mutane suna barin kotu su koma ofishin 'yan sanda, a juya bashi ya zama tuhumar zamba don a tsorata wanda ake bi. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, kotuna kuma sun sha nanata cewa 'yan sanda ba masu karɓar bashi ba ne. Amma muddin hanyar kotu tana da tsawo kuma ba a san ƙarshenta ba, ba za a rasa masu bin gajeriyar hanya ba.

Akwai kuma wani sabon dalili da ya sa maganar ta fi gaggawa a yau. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, wasu bankunan da ba sa hulɗa da ruwa suka biyo baya, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da takardun sukuk na naira biliyan 100 a 2017. Yarjejeniyoyin murabaha da ijara da mudaraba da ake ƙullawa tsakanin irin waɗannan bankuna da abokan hulɗarsu a kan fiƙihun ciniki aka gina su. Idan saɓani ya taso a kansu, Babbar Kotu ce za ta saurara, ta jiha ko ta tarayya, kuma babu wata doka da ta tabbatar wa masu shari'ar cewa jojin da zai zauna ya karanci wannan fanni. Ga ƙasa tana kiran masu jari su shigo wannan harka, ga kuma kotunan da suka fi tara masana fiƙihu an hana su taɓa ta.

Mun san abin da masu adawa da taɓa sashe na 277 suke cewa, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Suna tsoron kada faɗaɗa hurumin ya zama hanyar jawo wanda ba Musulmi ba zuwa gaban dokar da ba tasa ba, suna kuma tuna yadda wannan muhawara ta kusa raba kan ƙasa a 1978 da 1988. Irin wannan fargaba ce ta sa Majalisar Wakilai ta ƙi amincewa da ƙudirin goge kalmar nan a 2024. Amsarmu ita ce a lura da cewa fiƙihun ciniki ya riga ya zama abin da kotunan Nijeriya suke aiki da shi tsakanin Musulmi, har zuwa Kotun Ƙoli. A 1998, a shari'ar Alkamawa da Bello, Kotun Ƙoli da kanta ta yi hukunci a kan haƙƙin shuf'a wajen sayen gida bisa mazhabar Malikiyya. Don haka tambayar da ke gabanmu ita ce wace kotu za ta duba hukuncin da aka riga aka yi da wannan doka. Ana iya amsa ta ba tare da an taɓa haƙƙin wanda ba Musulmi ba ko kaɗan, in dai an rubuta gyaran da kyau.

Ƙasar nan ta taɓa warware irin wannan ƙulli. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta daɗe tana fama da jayayyar hurumi tsakaninta da manyan kotuna, har Kotun Ƙoli ta yanke a 2010 cewa dokar da ta kafa ta ba za ta iya ƙwace hurumin da tsarin mulki ya ba Babbar Kotu ba. Majalisar Dokoki ta Ƙasa da majalisun jihohi ba su ɓata lokaci ba, suka yi wa tsarin mulki gyara na uku, wanda ya fara aiki a 2011, aka shigar da kotun cikinsa aka kuma jera huruminta dalla-dalla a sashe na 254C. Haka nan, da 'yan siyasa suka ga shari'o'in zaɓe suna cinye wa'adin mulki, sai suka sa a sashe na 285 cewa kotun zaɓe ta gama aikinta cikin kwana 180, afil kuma cikin kwana 60. Idan an iya yi wa ma'aikaci da ɗan takara wannan gata, ba mu ga dalilin da zai sa a hana manomi da ɗan kasuwa ba.

Shawararmu ga Majalisar Dokoki ta Ƙasa ita ce a sake rubuta sashe na 277 da na 244 a kan ƙa'ida ɗaya mai sauƙi, wato afil ya bi dokar da aka yi shari'ar farko da ita. Idan masu shari'a dukkansu Musulmi ne, kuma sun amince a rubuce tun a kotun farko cewa a yi musu hukunci da fiƙihu, to afil ɗinsu a kan bashi ko ciniki ko fili ya tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, daga can ya zarce ta tarayya. Idan ɗayansu ba Musulmi ba ne, ko bai amince ba, ya tafi Babbar Kotu. A fayyace hanyar afil na laifuffuka da kalmomin da ba za su ɗauki fassara biyu ba. A kuma duba sashe na 245 domin wanda aka kayar a kotun al'ada ya iya neman izinin zarcewa ko da ƙorafinsa a kan shaidu ne. Irin wannan gyara yana buƙatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa ta ƙasa da amincewar majalisun jihohi 24, don haka ba aikin kwana ɗaya ba ne.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da kowace jiha za ta iya yi da ikon da ke hannunta. Majalisun jihohi su gyara dokokinsu su dace da hukunce-hukuncen da aka riga aka yanke, su faɗi ƙarara cewa afil a kan abin da ba ya cikin sashe na 277 Babbar Kotu zai tafi, domin barin doka a littafi bayan kotu ta ce ba ta da tushe tarko ne ga talaka. A wajabta wa magatakardan kowace ƙaramar kotu ya rubuta a ƙarshen hukunci sunan kotun da za a ɗaukaka ƙara zuwa gare ta da wa'adin yin hakan, cikin harshen da masu shari'ar suke ji. A ba kotunan jiha ikon miƙa wa juna afil ɗin da ya ɓata hanya tun a zaman farko, maimakon a kore shi bayan shekaru. Wajen naɗa jojojin Babbar Kotu a riƙa sa waɗanda suka haɗa karatun lauya da na fiƙihu ko na dokar al'ada, Babban Joji kuma ya riƙa ba su irin waɗannan shari'o'i. Wanda aka yanke wa biyan bashi, in yana son a dakatar da zartar da hukunci har a gama afil, a riƙa sa shi ya ajiye kuɗin a asusun kotu, don a rage wa masu ja da lokaci kwaɗayi. Sannan a riƙa buga hukunce-hukuncen waɗannan kotuna a kai a kai, da Turanci da Hausa da sauran manyan harsuna, domin alƙalan ƙasa da lauyoyi da shugabannin kasuwa su san inda doka ta tsaya.

Su ma 'yan kasuwa akwai nasu aikin, domin rigakafi ya fi magani. Rubuta bashi da kafa masa shaidu umurni ne da ya zo a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, amma har yau ana cinikin miliyoyin naira da fatar baki saboda kunya. Ƙungiyoyin kasuwa su tanadi takardar yarjejeniya mai sauƙi da za ta faɗi kaya da farashi da ranar biya, ta kuma faɗi wanda zai yi sulhu in an sami saɓani. Dokar sulhu da sasantawa ta 2023 ta ba hukuncin irin wannan mai sulhu ƙarfin da kotu za ta iya zartar da shi. Jihar Legas ta buɗe zauren sulhu da ke haɗe da kotu tun 2002, Abuja da Kano suka bi baya, a 2018 kuma Legas ta kafa kotunan ƙananan basussuka, waɗanda aka tsara su gama shari'ar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba cikin kwana 60. Ya kamata shugabannin kasuwanni su san waɗannan hanyoyi su kuma nuna wa mutanensu.

Hausawa sun ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba, kuma duk mai shiga kotu ya yarda da haka game da hukunci. Abin da bai kamata a bar shi cikin duhu ba shi ne kotun da za ta saurare shi, domin wannan aikin masu yin doka ne su faɗa masa tun kafin ya biya kuɗin shigar da ƙara. Muna kira ga 'yan majalisa da manyan jojoji da alƙalan alƙalai da ƙungiyar lauyoyi da majalisun ciniki na jihohi su ɗauki wannan magana a matsayin maganar tattalin arziki, su zauna su daidaita ta. Allah ya ba su ikon yin haka.